Yadda Ake Zaɓen Madabod da Sauran Kayan Kwamfutar Wasa a Saudiyya

Matasanmu da yawa da ke zaune a Jidda da Makka da Madina da Riyad, ɗalibai da ma'aikata da waɗanda aka haifa a nan, sun soma barin sayen kwamfutar da aka riga aka haɗa a shago, suna sayen kayan ɗai-ɗai domin su haɗa da hannunsu. Wannan abin a yaba ne, domin wanda ya haɗa kwamfutarsa da kansa ya san abin da ke cikinta, kuma idan wani ɓangare ya tsufa zai iya canza shi kaɗai ba tare da ya zubar da sauran ba. Sai dai kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara da madabod, wato babban allon da ake dasa dukkan sauran kayan a kansa, ya zuba masa kuɗi mai yawa saboda fitilu da ƙarafan ado, sannan ya dawo yana ƙarancin kuɗin katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hoton wasa a monita. Madabod ba ya ƙara wa wasa gudu. Aikinsa shi ne ya karɓi furosesar da ka zaɓa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya ba ta wuta mai tsafta ba tare da ya yi zafi fiye da kima ba, ya kuma bar maka hanyar ƙara kaya nan gaba. Saboda haka a wannan jagora sai a mataki na huɗu za mu iso gare shi, kuma da gangan aka yi haka.

Mataki na farko ba ya buƙatar ka je kasuwa. Ka zauna ka yanke shawara kan wasannin da za ka riƙa bugawa da kuma monitar da za ka yi amfani da ita. Wasannin gasa irin su Counter-Strike 2 da Valorant da Fortnite, idan ana buga su a monita mai ɗigo 1920 da 1080 wadda ke sabunta hoto sau 144 ko 240 a daƙiƙa, sun fi jingina da ƙarfin furosesa. Manyan wasannin labari masu nauyin hoto kuwa, musamman a monita mai 2560 da 1440, katin hoto suke gajiyarwa. Daga nan sai lissafin kuɗi. Tun 1986 riyal yake ɗaure da dalar Amurka a kan riyal 3.75, kuma tun watan Yulin 2020 harajin saye ya koma kashi 15 cikin ɗari. Ke nan idan ka ga an ambaci farashin kati dala 300 a Amurka, riyal 1,125 ne, idan an ɗora haraji ya kusa 1,294, kafin ribar ɗan kasuwa da kuɗin jigila. Mutane da yawa sukan manta da wannan su tsara kasafinsu da farashin waje, sai kuɗin ya yanke musu a tsakiyar sayayya. A ganina, katin hoto ya cancanci abin da ya kai sulusin kasafin ko ma fiye, madabod kuwa bai kamata ya fi furosesar da za ta hau shi tsada ba.

Mataki na biyu shi ne katin hoton. Ban da ƙarfin katin, ka duba yawan ma'adanarsa, domin akwai katunan da suke zuwa da suna ɗaya amma iri biyu ne. RTX 5060 Ti na Nvidia da RX 9060 XT na AMD kowannensu yana da mai gigabait 8 da mai gigabait 16, kwalinsu kuma kusan iri ɗaya. Mai 8 yana wadatarwa a wasannin gasa, amma sababbin wasanni masu nauyi sun fara cika shi, sai ka ga hoto yana tsattsayawa ko da katin bai gaji ba. Wanda ke niyyar riƙe katinsa shekara huɗu ko biyar ya daure ya sayi mai 16. Ka kuma rubuta abu biyu daga shafin kamfanin: tsawon katin a milimita, da yawan wutar da yake ci. Za mu buƙace su a gaba.

Mataki na uku shi ne furosesa, kuma ita ce ke yanke irin madabod ɗin da za ka saya, domin kowace furosesa tana da mazaunin da take shiga, wanda ake kira soket. A ɓangaren AMD akwai AM5, wanda ya fito a watan Satumban 2022, yana ɗaukar Ryzen 7000 da 8000 da 9000, kuma ba ya aiki da kowane ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, sai nau'in DDR5. Kamfanin ya ce zai ci gaba da fitar masa da furosesa aƙalla har 2027, wannan kuwa yana nufin wanda ya fara da Ryzen 5 7600 mai ƙwayoyi shida zai iya ɗora wadda ta fi ta nan gaba a kan allon da yake da shi. Ga mai son ƙarshen gudu a wasa akwai masu alamar X3D, irin su Ryzen 7 7800X3D ta 2023 da 9800X3D ta ƙarshen 2024, waɗanda aka ƙara musu ma'adanar cikin furosesa, wadda ake kira cache, har megabait 96, abin da wasanni ke matuƙar amfana da shi. Tsohon soket ɗin AM4 mai amfani da DDR4 bai mutu ba, kuma Ryzen 5 5600 har yanzu tana yi wa mai ƙaramin ƙarfi aiki sosai, sai dai hanyar ci gabansa ta zo ƙarshe.

A ɓangaren Intel, soket ɗin LGA1700 yana ɗaukar zubi na 12 da na 13 da na 14, shi kuma LGA1851, wanda ya fito a watan Oktoban 2024, na Core Ultra 200S ne. Furosesar ɗayan ba ta shiga ɗayan, ko da yake idan ka kalle su da ido kusan girmansu ɗaya. A 2024 Intel ta amince cewa wasu furosesoshinta na zubi na 13 da na 14 suna samun matsala saboda wutar da ta wuce kima, ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod wadda ke tayar da kwamfuta, ta kuma ƙara musu garantin shekara biyu. Duk wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu, sabunta BIOS shi ne aikinsa na farko, kuma ban ba da shawarar a sayi ta hannu daga wannan zubin ba. Wani ƙaramin abu: furosesar da sunanta ya ƙare da harafin F, irin su Core i5-12400F ko Ryzen 5 7500F, ba ta fitar da hoto da kanta. Tana da ɗan sauƙin kuɗi, amma ranar da katin hotonka ya samu matsala ba ka da abin da za ka gwada kwamfutar da shi.

Yanzu ne muka iso madabod. Bayan soket, abin da ake dubawa shi ne cifset, wato lambar da ke cikin sunan allon. A AM5, A620 shi ne mafi araha kuma an rage masa abubuwa, B650 da B850 su ne na tsakiya, X670 da X870 kuma na sama, inda X870 yake zuwa da USB4 da ƙarin hanyoyi masu gudu. A Intel, masu harafin Z irin su Z790 da Z890 su kaɗai ke barin a tilasta wa furosesa gudun da ya wuce na kamfani, kuma sai furosesar tana da alamar K; B760 da B860 suna barin a ɗaga gudun ram kawai; H610 kuwa ya yi ƙunci da yawa ga kwamfutar wasa. Ga mafi yawan 'yan wasa, allo mai harafin B shi ne daidai. Furosesa ɗaya da kati ɗaya a kan B650 mai kyau da kuma a kan X870 mai ninkin kuɗinsa, hotunan da za su ba ka a daƙiƙa kusan ɗaya ne, bambancin yana cikin yawan ramuka da mashigai ne, waɗanda galibinmu ba za mu taɓa cika su ba.

Abin da ya fi cifset muhimmanci a ƙasa mai zafi irin wannan shi ne sashen da ke tace wa furosesa wuta, wanda ake kira VRM. Yana kewaye da soket ɗin, ta sama da ta hagu. Aikinsa ya karɓi bolt 12 daga akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfutar lantarki, ya mayar da shi ɗan abin da bai fi bolt ɗaya da ɗoriya ba, kuma a wannan aikin yana yin zafi sosai. Idan ya yi zafi fiye da kima, allon da kansa zai rage wa furosesa gudu domin ya kare kansa, sai mutum ya ɗauka furosesar ce ba ta da ƙarfi. Ka dubi hoton allon da kyau: idan ka ga ƙananan ƙwayoyin nan a fili babu ƙarfen da ke zuƙe zafi a kansu, ka bar shi, sai fa idan ƙaramar furosesa mai cin wat 65 za ka ɗora. Kada kuma ka ruɗu da yawan lambar layukan wuta da ake bugawa a kwali da manyan haruffa, domin layuka kaɗan masu inganci da ƙarfe mai kauri sun fi masu yawa marasa sanyi.

Sai girman allon. ATX yana da milimita 305 da 244, microATX 244 da 244, Mini-ITX kuma 170 da 170. Ɗalibin da ke zaune a ƙaramin ɗaki yakan so ƙaramin, amma ya sani cewa Mini-ITX ya fi tsada, ramukan ram ɗinsa biyu ne kacal, kuma sanyaya shi ya fi wuya. MicroATX shi ne ya fi ba da amfani daidai da kuɗinsa. Bayan haka ka ƙirga ramukan M.2, inda ake sa ma'adanar SSD da ke ajiye Windows da wasanni. Biyu ne mafi ƙaranci, uku sun fi, domin wasannin yanzu wasu sun haura gigabait 100 kowanne. Ka sauke littafin allon daga shafin kamfanin kafin ka saya, domin a wasu alluna idan ka cika rami na biyu ko na uku yakan kashe wasu mashigan SATA, inda ake haɗa ma'adana ta waya, ko ya raba hanyoyin katin hoto gida biyu, kuma ba a rubuta wannan a jikin kwali. Game da PCIe 5.0, wato sabon matakin gudun ramin katin hoto, kada ka biya ƙarin kuɗi mai yawa dominsa, saboda katunan yanzu suna aiki a 4.0 da asarar da ido ba zai gane ba.

Akwai abubuwa biyu ƙanana da nake ganin sun cancanci ƙarin riyal hamsin ko ɗari. Na farko shi ne maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba, wanda kamfanoni ke kira BIOS Flashback ko Q-Flash Plus. Allon B650 da ya daɗe a sito yana iya zuwa da tsohon BIOS wanda bai san Ryzen 9000 ba. Da wannan maɓallin da filasha guda za ka gyara matsalar a ɗakinka, idan babu shi kuwa sai ka koma shago ka roƙi aron tsohuwar furosesa. Na biyu su ne ƙananan fitilu huɗu da ke nuna inda matsala take idan kwamfuta ta ƙi tashi, ko furosesa ce, ko ram, ko kati, ko ma'adana. Sannan idan gidanku na haya ne kuma ba za ka iya jan waya daga na'urar intanet zuwa ɗakinka ba, ka sayi allon da ya zo da Wi-Fi a jikinsa, ko da yake waya ta fi kwanciyar hankali a wasan gasa. Ka tabbata kuma yana da wurin haɗa USB-C na gaban kes, wato akwatin da ake jera kayan a ciki, idan kes ɗinka yana da shi.

Ram ba ya buƙatar dogon bayani. Ka sayi sanda biyu a fakiti ɗaya, gigabait 16 sau biyu idan da hali, 8 sau biyu idan babu, ka sa su a rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa. A AM5, DDR5 mai gudun 6000 da jinkirin CL30 shi ne wanda aka fi samun daidaito da shi. Allunan LGA1700 kuwa wasu na DDR4 ne wasu na DDR5, kuma sandar ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya, don haka ka karanta sunan allon har ƙarshensa. Tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka wanda yake da DDR4 mai kyau a tsohuwar kwamfuta yana da hujjar zaɓen allon da zai karɓe shi. Ma'adana kuwa, SSD na NVMe mai PCIe 4.0 da terabait ɗaya ko biyu ya isa.

Akwatin wuta shi ne wurin da ban yarda a yi tsumulmula ba, domin araha ba ta ado, kuma shi kaɗai ne idan ya lalace zai iya tafiya da madabod da kati gaba ɗaya. Ka haɗa wutar da katinka ke ci da ta furosesa, ka bar sarari mai kyau a sama. RTX 5070, alal misali, yana cin wat 250, Nvidia kuma ta ba da shawarar akwati mai wat 650. Ka nemi mai shaidar 80 Plus Bronze ko Gold daga sanannen kamfani mai dogon garanti, mai bin ƙa'idar ATX 3.1 idan katinka yana amfani da sabuwar waya mai hanci 16. Wannan wayar a tura ta har ƙarshe sai ta yi ƙara, kada kuma a lanƙwasa ta dab da bakinta, domin rashin zamanta daidai yana sa ta yi zafi har ta narke. Wutar Saudiyya ta yau bolt 230 ce mai zagaye 60 a daƙiƙa, amma a wasu tsofaffin gine-gine, irin waɗanda 'yan'uwanmu da yawa ke haya a tsofaffin unguwanni, har yanzu akwai soket ɗin bango na bolt 127. Ka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin: wanda aka rubuta 100 zuwa 240 zai yi aiki a ko'ina, wanda aka rubuta 200 zuwa 240 kuwa sai a babbar wuta. Ka yi amfani da fulogi mai ƙafa uku, kada ka haɗa kwamfutar da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko firji a wayar rarraba wuta guda.

Sanyi da ƙura su ne suka bambanta mai haɗa kwamfuta a nan da na Turai. A Riyad zafin bazara yakan haura digiri 43, Jidda kuma ga zafi ga laima, ƙura kuwa tana shiga ko da taga a rufe take. Alƙaluman zafin da masu gwaji na waje ke nunawa a ɗaki mai sanyi suka auna su, saboda haka idan mukayyif ɗinka ba ya kwana a kunne, ka ƙara musu. Ka zaɓi kes mai gaban raga maimakon gilashi, mai matatar ƙura da ake cirewa a wanke, ka sa fankoki masu shigo da iska su ɗan fi masu fitarwa yawa, domin ƙura ta bi ta matata maimakon ta kutso ta kowace ƙofa. Ka gwada tsawon katin da ka rubuta tun farko da abin da kes ɗin ke ɗauka, haka ma tsayin na'urar sanyaya furosesa. Na'urar iska mai hasumiya biyu tana isar kusan kowace furosesar wasa, kuma ba ta da famfon da zai mutu kamar ta ruwa. Ka lura cewa Ryzen 5 7600 tana zuwa da ƙaramar fankarta a kwali, 7800X3D da 9800X3D kuwa ba sa zuwa da komai. Kada a ajiye kwamfutar a kan kafet. A ɗora ta a tebur ko a kan katako.

Wajen saye, akwai manyan shaguna irin su Jarir da eXtra, akwai Amazon.sa da Noon, akwai kuma shagunan kwamfuta na unguwar Olaya a Riyad da na titin Khalid bin Walid a Jidda, inda ake iya yin ciniki idan kayan da yawa ne. Ko'ina ka saya, ka karɓi fatura, wato rasit, mai ɗauke da lambar jikin kowane kaya, ka tambaya ko garantin na wakilin kamfani ne a cikin ƙasa ko na shagon ne kawai. Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafin masu saye ta lambar 1900 da kuma manhajarta, amma fatura ce hujjarka. Abin da aka yi oda daga waje kan yi araha, sai dai mayar da shi idan ya lalace wahala ce. Kayan hannu a Haraj, shafin intanet na saye da sayarwa, suna da amfani ga kes da ram, har da kati idan an gwada shi a gabanka yana cikin wasa. Madabod na hannu kuwa sai ka buɗe murfin soket ka haska fitila, domin a AM5 da Intel ƙananan alluran suna jikin allon ne, guda ɗaya idan ta lanƙwashe tana iya kashe ramin ram, kuma garanti ba ya ɗaukar irin wannan.

Ranar haɗawa, ka ɗora allon a kan kwalinsa, ka sa furosesa kana daidaita alamar kusurwarta da ta soket ba tare da dannawa ba, sannan ram, sannan SSD, sannan na'urar sanyaya bayan ka ɓare ledar da ke ƙasanta ka ɗiga man zafi kamar ƙwayar wake. Ka tabbata ƙafafun ƙarfen da allon ke zama a kansu a cikin kes sun dace da ramukansa, babu ragowar da za ta taɓa bayansa. Wayar wuta biyu ce ke zuwa allon, babba mai hanci 24 da ta furosesa mai hanci 8 a sama. Wayar fitilu mai hanci uku ta bolt 5 ce, mai huɗu ta bolt 12, idan aka sa ta bolt 5 a wurin ta bolt 12 fitilun ƙonewa suke. Wayar monita a jikin katin hoto ake sa ta. Tashin farko da DDR5 yakan ɗauki 'yan mintuna monitar tana baƙi, kada ka kashe. Idan ta tashi ka shiga BIOS ka kunna EXPO ko XMP, wato saitin cikakken gudun ram, in ba haka ba ram ɗin zai zauna a ƙaramin gudu, ka kuma kunna TPM da Secure Boot, saitunan tsaro waɗanda Windows 11 da wasu wasannin gasa irin su Valorant ke nema. A cikin Windows ka ɗaga gudun monitar da hannunka, domin sau da yawa a kan 60 take farawa.

Wanda zai koma Najeriya ko Nijar da kwamfutarsa bayan karatu ko aiki ya adana kwalayen kayan tun ranar farko. Kafin tafiya ya cire katin hoto da babbar na'urar sanyaya ya naɗe su daban, domin nauyinsu kan fasa ramin allon idan jaka ta sha jifa a filin jirgi. Wutar can mai zagaye 50 ce, akwatin wutar zamani kuma yana karɓar 50 da 60 duka, amma saboda ɗaukewar wuta da hawa da saukarta, ya tanadi UPS wanda ƙarfinsa a wat ya fi abin da kwamfutar da monitar ke ci idan an haɗa su.